Daga Madawa zuwa Keita: tsohon kabari, duwatsun teku da ruwan baraji

A ƙasar Meziko, manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido sukan sauke fasinjoji a gaɓa, a ɗauke su cikin mota zuwa kangayen mutanen Maya, daga nan a kai su wani tabki su yi wanka, kafin magariba a maido su. Kuɗi masu yawa suke biya saboda wannan yini guda. To, irin wannan yini yana nan cikin Adar, kuma ƴan kasuwa da ma'aikatanmu suna ratsa shi ba tare da sun sauka daga mota ba.

Mafarin tafiyar Madawa ne, garin tabarma da albasa, bisa gudron da ya haɗa Yamai da Damagaram. Kusa da garin, a ƙauyen Arewa, kabarin Malam Jibril ɗan Umaru yake. Shi ne malamin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi har Agadas don neman ilimi, kuma zafin wa'azinsa a kan sarakuna da al'adun ƙasar Hausa ya riga jihadin 1804 da shekaru masu yawa. Wanda ya saba ganin cunkoson Hubbaren Shehu a Sakkwato zai yi mamakin shirun wannan wuri. Nan babu dogayen gine-gine irin na Maya. Ginin ƙasa ba ya jimre wa damina ɗari, shi ya sa tarihinmu ya fi zama a bakin mutane da cikin littattafan malamai. Cikin gundumar kuma akwai Galma, inda Abzinawan Kel Geres suka gwabza da sojan Faransa a 1901.

Daga Madawa hanya ta miƙe arewa, kimanin kilomita 50 zuwa Buza. A kwarin Majiya matafiyi zai ga dogayen layukan bedi, wato dogon yaro, sun ratsa gonaki. Ba su fito da kansu ba. Tun 1975 manoma da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa su tare da ƙungiyar CARE, don karya iskar da ke kwashe ƙasar gona.

Bayan Buza ƙasa ta zama dutse. A gefen tuddai, wajajen Garadawa, in mutum ya duƙa ya tsinci farin dutse, sau da yawa zai tarar da siffar katantanwa ko wata halittar ruwa a jikinsa. Masana sun tabbatar da cewa teku ce ta taɓa rufe wannan yanki, shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce. Irin wannan farin dutse ne ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti. Ke nan buhun da ɗan kasuwa ke sayarwa a shagonsa, asalinsa ƙarƙashin teku ne.

Amma abin da ya fi cancanta a tsaya a duba shi ne ruwan Keita, domin yawancinsa hannu ne ya tare shi. Lokacin yunwar 1984, wadda jama'a ke kira El Buhari, tuddan nan sun zama fako, ruwan sama in ya zuba sai ya gangara da ƙarfi ya yashe fadama ya wuce. A wannan shekara aka buɗe Furoje Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na kula da aiki, PAM na biyan ma'aikata da abinci. Maza da yawa sun tafi cin rani Najeriya da bakin teku, sai aikin ya faɗa kan mata. Su ne suka yi dakon duwatsu a ka, suka jera gandari, suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin tudu, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka gina baraji a bakin koramu. Mutanen Maya ma da tabkunan da suka gina biranensu suka rayu, kuma masana da yawa suna ganin dogon fari na cikin abubuwan da suka watse su wajen ƙarni na 9.

Bayan damina, in barajin ya cika, yara na iyo, mata na wanki, garken shanu na jiran layi, can gefe masu noman rani na shirya fangalin albasa da tumatir. Baƙo ya yi hattara: ruwan da ke kwance yakan ɗauki tsargiya, kuma lakar ƙasansa tana riƙe ƙafa. Gara ya tambayi mutanen gari inda ake shiga.

Lakar nan ita ce babbar abokiyar gabar baraji. Kowace damina korama na kawo yashi ta zuba, zurfi na raguwa. Barajin Ibohaman, wanda ya girmi furoje, ya sha wannan matsala. Duk gandarin da ya rushe a kan tudu ba a gyara ba, ƙasarsa cikin baraji take ƙarewa, kuma yashe baraji ba aikin kwando da shebur ba ne.

Daga Keita hanya ta bi ta Tamaske ta faɗa Tawa. Wanda ya bar Madawa da asuba, in motarsa lafiyayya ce, zai iya kwana can.