Watan da Kuɗi Suka Ɓuya a Kano

Duk wanda ya yi sana'a a Kano a farkon shekarar 2023 ba sai an ba shi labarin watan Fabrairu ba. Ni tela ne, shagona yana Fagge, kuma a wannan watan ne na ga yadda mutum zai ajiye kuɗinsa a banki, ya wayi gari ba shi da na sayen zare.

Abin ya faro ne ranar 26 ga Oktoba, 2022, lokacin da gwamnan Babban Bankin Nijeriya na wancan zamani, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce, cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasa, tiriliyan 2.73 suna hannun jama'a, ba su cikin bankuna. Sababbin kuɗi suka fito ranar 15 ga Disamba. Aka ce daga 31 ga Janairu tsofaffi sun daina aiki, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Muka tattara abin da ke hannunmu muka kai banki kamar yadda aka umarta. Da muka koma karɓar sababbi, sai aka ce babu.

Ana idar da sallar asuba muke tafiya layi, cikin hazo da sanyin hunturu, kowa ya naɗe kai da rawani ko mayafi. Kafin gari ya waye an riga an rubuta sunaye a takarda, an raba lamba. A hukumance an ce mutum zai iya cire naira 20,000 a rana, amma a bakin na'urar cire kuɗin da nake zuwa, in ka yi sa'a ka samu 5,000, in ba ka yi ba kuɗin su ƙare saura mutum kaɗan a zo kanka. Masu POS kuwa sai da ta kai na ba da naira 1,000 lada kafin a ba ni 5,000. Taransifa ma ba ta da tabbas: mai kaya ya nuna maka wayarsa an cire masa kuɗi, kai kuma alat bai shigo ba, ku zauna kuna kallon juna, shi yana son rigarsa ta ɗaurin aure, kai kana son haƙƙinka.

Tela kuwa rayuwarsa duk ta ƙananan kuɗi ce. Kuɗin abincin yaran shago, mai shayi, ɗan ga-ruwa, gawayin dutsen guga, maɓalli, ɗan adaidaita sahu da zai kai ka Kantin Kwari, cefanen gida. Yawancin waɗannan mutane ba su da asusun banki. Ga ƙarancin man fetur a lokaci guda, wuta kuma sai ta ga dama, janareto yana ajiye ba abin zuba masa.

Barci ya ƙaurace mini. In na kwanta, sai lissafi ya tashi: gobe wace lamba zan samu, in ban samu ba me yara za su ci, in mai shaddar nan ya zo ban gama ba me zan ce masa, in abin ya kai azumi fa, in ya kai ɗinkin Sallah fa. Ƙeyata ta riƙa sara, wuyana ya sandare, abinci ya daina yi mini daɗi. Da rana ina kan keke, ƙafata tana takawa, amma hankalina yana can bakin banki.

A rumfar da ke jikin shagona akwai wani dattijo mai ɗinkin hula da hannu. Baba muke ce masa, tun ina yaron shago nake ganinsa a wannan tabarmar. Shi ma abin ya taɓa shi, domin masu sayen hularsa da kuɗi a hannu suke saye, amma ban ga an rage komai a fuskarsa ba. Wata rana na dawo daga layi hannu rabbana, na zube kusa da shi, na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, kai wannan abin bai dame ka ba ne?"

Bai ɗaga kai daga hular ba. Ya ce, "Ɗan nan, wannan shi ne canji na uku da ya same ni da wayona."

Ya ba ni labarin 1973, lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, tsofaffi suka daɗe suna lissafi da sule a baki. Sannan ya zo kan na 1984, zamanin mulkin soja na Buhari da Idiagbon, da aka sauya launin kuɗi a watan Afrilu, aka rufe iyakoki, aka ba mutane kwanaki kaɗan su canza. Shi a lokacin yana Maraɗi, ya kai huluna. Kafin ya samu hanyar dawowa wa'adi ya cika, jarinsa ya mutu a aljihunsa.

Ya ce, "Na yi ta tunaninsu har na rame, har na kwanta. Kuɗin ba su dawo ba, lafiyar kuma sai da na saye ta da wasu kuɗin. Tun daga nan, in damuwa ta zo, sai in tambaye ta: ke tawa ce, ko ta wani? In tawa ce, in tashi in yi abin da zan yi. In ba tawa ba ce, in miƙa wa Mai ita, in koma kan allurata."

Sai ya miƙo mini hular da ke hannunsa. Farin yadi ne da aka zana, an cika wajen rabinsa da zare shuɗi da ruwan ƙasa, ɗinkin ƙanana ƙwarai, a jere, ba wanda ya hau kan wani. Ya ce in ci gaba daga inda ya tsaya. Na yi shekara da shekaru a kan keke, amma da na kama allurar nan hannuna rawa yake yi. Na soka a inda ba nan ba, zaren ya harɗe. Ya karɓa ya warware, ya sake ba ni. Ya ce, "Allura rami ɗaya take shiga a lokaci ɗaya. Kai kana son taka ta shiga na yau da na gobe da na Sallah gaba ɗaya. Dubi ramin da ke gabanka."

Na zauna ina sokawa, ina jan zare, ina jin ɗan karcen da yake yi in ya ratsa yadi. Ban san lokacin da aka kira azahar ba. Tun da aka fara rikicin, wannan ne karo na farko da kaina ya yi shiru.

Da muka tashi alwala sai na tsaya ina kallonsa. Buta ɗaya ce irin ta kowa, amma shi yana zuba ruwan kaɗan kaɗan, yana tsettsefe yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana bin gwiwar hannu har ya tabbatar ruwa ya kai, ba ya magana da kowa, ba ya waige. Ya ce mini malamansu sun koya musu cewa wanda ya yi alwala hankalinsa yana kasuwa, sallarsa ma a kasuwa zai yi ta. Daga ranar na fara yin tawa haka. Sanyin ruwan hunturu a wuyan hannu, ɗuminsa in rana ta bugi butar, ƙarar zubarsa a ƙasa: abubuwan da na yi shekaru ina yi sau biyar a yini ban taɓa lura da su ba.

Ciwon kan bai tafi gaba ɗaya ba, don haka maiɗakina ta matsa mini na je asibitin unguwa. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta duba, ta sake aunawa. 160 bisa 100. Ta ce daga 140 bisa 90 zuwa sama ana kiransa hawan jini, likita kuma ya rubuta mini magani. Kafin in fita na ce, "Sista, tunani kawai zai iya yi wa mutum haka?"

Ta yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa abokan sana'a. Ta ce in mutum ya tsorata, jikinsa yana sakin wasu sinadarai, adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su matse, domin a shirya shi gudu ko faɗa. Jiki kuwa ba ya bambanta haɗarin da ke gabanka da wanda kake saƙawa a zuci kana kwance, duka biyun shiri ɗaya yake yi musu. Ta koya mini in ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake shi a hankali ina ƙirga shida, domin tsawaita fitar numfashi yana sassauta bugun zuciya. Ta ce a Amurka, tun 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe shiri na mako takwas a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts, inda ake koya wa marasa lafiya tattara hankali a kan numfashi da abin da jiki ke ji a daidai lokacin, in tunani ya gudu a dawo da shi ba tare da faɗa da kai ba. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "Amma Malam, numfashi ba ya maye gurbin ƙwaya. Ka sha maganinka, ka rage gishiri."

Na ji maganarta da ta Baba sun haɗu a wuri ɗaya, duk da cewa ita a makaranta ta koyo, shi kuwa a kan tabarma.

Layi bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne yadda nake tsayawa a cikinsa. In na karɓi lambata, sai in faɗa wa kaina gaskiya: yau ko dai in samu ko kada in samu, buɗe ƙofar nan ba a hannuna yake ba. In ji tafin ƙafata a ƙasa, in ja numfashi, in ja carbi. Tunanin gobe yana zuwa, ba ya fasawa. In ya zo sai in gane shi, in bar shi ya wuce, in dawo kan numfashina. Na ga mutane masu mutunci sun cakumi kwalar juna a kan wa ya riga wa, na ga wata baiwar Allah da goyo ta zauna a gefen kwalta tana kuka ba sauti. Da can in na ga irin wannan, ƙirjina ne yake ƙara zafi. Yanzu sai na samu sararin da zan ce wa na gabana, mu bari ta shiga gaba.

Kuma da kaina ya huce ne dabara ta fara zuwa. Na buɗe littafin bashi da mai shayi da mai abinci, duk ƙarshen mako in tura wa ɗan'uwansu mai asusu. Na sayi shinkafa da wake da mai a Kasuwar Singa ta taransifa, aka riƙa dafowa daga gida ana kawo wa yaran shago. Na shirya da wani mai gidan burodi, in tura masa, shi kuma ya ba ni 'yan canjin da ya tara. Masu kaya kuma na daina yi musu alkawarin ranar da ban da tabbas, in ce musu ga halin da ake ciki, ga ranar da zan iya. Yawancinsu sun fahimta, domin su ma daga layin suke. Duk waɗannan hanyoyi suna nan tun ranar farko, zullumi ne ya rufe mini ido.

Wani matashi a shagona ya taɓa ce mini, "Maigida, ai wannan haƙurin shi ya kashe talaka. Komai aka yi mana sai mu ce ƙaddara." Ban raina maganarsa ba, domin akwai gaskiya a ciki. Har gobe ina kan ra'ayina cewa yadda aka aiwatar da canjin nan an cuci talaka: mai awara, mai kayan miya, mutumin ƙauye da ya sayar da akuyarsa a wulaƙance don ya riƙe kuɗi a hannu, majinyacin da aka kasa saya wa magani. Yarda da cewa abu ya faru daban, yarda da cewa daidai ne daban. Waɗanda ke da ikon zuwa kotu sun je. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka shigar da ƙara, wasu jihohi suka bi baya, ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, 2023, Babban Banki kuma bai bi ba sai ranar 13 ga Maris. Da zaɓe ya zo, mai ƙuri'a ya jefa ƙuri'arsa, mai alƙalami ya rubuta. Wannan duk aikin hannu ne, kuma wajibi ne. Amma kwana ido biyu ana tafasa a zuci bai ƙara ko naira ɗaya a na'ura ba, jinin mai shi kawai ya hayar. Na ce wa yaron, wanda ya yi barci ya fi iya neman haƙƙinsa da safe.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, kuɗi suka fara dawowa hannu, muka yi ɗinkin Sallah. Ba a jima ba, ranar 29 ga Mayu, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na ji labarin a rediyon shago, gabana ya faɗi kamar na kowa. Na ajiye almakashi, na ja numfashi, na ɗauko takarda na raba ta biyu: abin da zan iya, da abin da ba nawa ba. A ɓangaren farko na rubuta sabon farashin ɗinki, da mayar da aikin da ba ya buƙatar wuta zuwa lokacin da aka ɗauke ta. A daren na yi barci.

Ɗan'uwa mai sana'a, in ƙeyarka tana sara, in kana kwana kana lissafi, je ka a auna jininka, ba ya ɗaukar minti biyar, kuma hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna. In damuwar ta kai makonni tana hana ka barci da ci da aiki, ka faɗa wa likita kamar yadda za ka faɗa masa zazzaɓi, babu abin kunya a ciki. Alwalarka ta gaba kuma, ka yi ta a hankali, ka bar wayar a aljihu.