Kirsimeti A Gindin Dutsen Wusasa

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Zariya cikin makon ƙarshe na watan Disamba, in ya ci kimanin kilomita 80, kafin ya kai ga ganuwar birni zai iso Ɗan Magaji. Daga nan in ya ratse, tafiya kaɗan ce za ta kai shi Wusasa. A wannan lokaci na shekara hazo kan lulluɓe dutsen Kufena har sai rana ta ɗaga sosai, sanyin hunturu kuwa yakan sa kowa ya ƙudundune da mayafi, leɓɓa su tsage, ƙafafu su yi furu-furu. Amma duk da haka baƙo zai tarar gari ya cika. Motoci masu lambar Ikko da Abuja da Jos da Kano suna tsaye a ƙofar gidajen da rabin shekara ba a ga ko keke a gabansu ba, teloli suna kwana a kan keken ɗinki, yara kuma suna ta kai da kawowa da kaji a hammata. 'Ya'yan gari ne suka komo gida domin bikin Kirsimeti.

Abin da ya kan fara ba baƙo mamaki shi ne, waɗannan Kiristoci Hausawa ne da Filani, ba wani harshe gare su ba sai Hausa. Dattijo ya fito da babbar riga da hula zanna, ya amsa gaisuwar 'ya'yansa da suka durƙusa, ana “Baba, mun same ku lafiya?” yana “Lafiya lau, yaya hanya?”, sai an ji an kira shi Malam Bulus ko Malam Istifanus kana a gane ba masallaci ya nufa ba. Mutane da yawa a Nijeriya, na Kudu da na Arewa, har yanzu sun ɗauka Bahaushe da Musulmi abu guda ne. Wusasa ta kusa shekara ɗari tana nan a matsayin shaidar cewa zancen bai cika ba.

Asalin al'amarin ya faro ne a 1900, sa'ad da wata ƙungiyar Turawan Mishan ta C.M.S. a ƙarƙashin Bishof Tugwell ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka komo suka zauna a Girku. Cikinsu akwai wani likita saurayi, Walter Miller, wanda ya naƙalci Hausa ƙwarai da gaske. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Likita Mila ya sami wuri cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Daga baya wasu daga cikin zuriyar Isawa, watau almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano cikin ƙarni na 19 saboda abin da yake koyarwa game da Annabi Isa, suka haɗu da shi, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen nan ya yi masa mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka watse, da dama suka komo Zariya. Zaman Mishan cikin ganuwa bai taɓa kwanta wa Gwamnatin Turawa a rai ba, balle hukumar En'e, saboda haka a 1929, zamanin Sarki Ibrahim, aka ba su fili a bayan gari suka ƙaura. Filin nan shi ne Wusasa.

Cikin shekarar nan aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki, wadda ita ce abin da ya fi cancanta baƙo ya tsaya ya duba. Ginin ƙasa ne, aikin maginan Hausa, da katanga mai kauri da bakan gizo, irin fasahar da Babban Gwani ya nuna a Masallacin Juma'a na birnin Zariya tun cikin shekarun 1830. Wanda ya shiga cikinta da tsakar rana zai ji sanyi kamar ya shiga soron wani basarake. Waɗanda suka yi wannan shawara sun san abin da suke yi, gama da sun so da sun kwaikwayi majami'un Ingila masu tsini, kamar yadda aka yi a Ikko. Sai suka zaɓi ɗakin ibada wanda Bahaushe zai shiga bai ji ya bar ƙasarsu ba. Shekara uku bayan haka, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila ya ba da yawancin ƙarfinsa a kai.

To, shi ginin ƙasa yana da wani hali. Ba ya yarda a manta da shi. In damina ta wuce ba a yi masa yaɓe ba, ba a duba indararo ba, ta biyu za ta sami ƙofa, ta uku kuwa sai a zo ana salati. Ginin da ya kai wannan shekaru a tsaye, lalle akwai hannuwan da ba su gaji da shi ba.

Hidimar biki takan fara tun kafin ranar. Da kaka akan yi sujadar godiya, manomi ya kawo damin dawa ko buhun masara, ma'aikaci ya kawo abin da ya sawwaƙa, a tara domin aikin ikilisiya da taimakon gwauraye da marayu. Makonni huɗu kafin Kirsimeti kuma mawaƙa sukan shiga koyon waƙa kowace yamma. Matasa su bi gida gida da dare suna rera waƙoƙin haihuwar Almasihu, masu gida su fito da fitila su ba su ɗan abin da ya samu. Zumuntar mata kuwa, su ne ƙashin bayan kome. Da ankonsu iri ɗaya, da tulun kiɗa da kacau-kacau, su ne ke share majami'a, su ne suka san gidan da aka yi rashi cikin shekara, da gidan da tukunya ba za ta hau murhu ba in ba a kai ɗauki ba. Ba a rubuta wannan a wani littafi, amma kafin ranar 25 ga wata mudun shinkafa ya isa inda ya kamata ya isa, ba tare da an kunyata kowa ba.

Ran biki da safe majami'a takan cika har waje. A cikin abin da akan karanta akwai labarin da Luka ya rubuta a sura ta biyu, kuma duk wanda ya saurara da kunnen basira zai lura da yadda labarin ya fara. Da maganar ƙidaya ya fara. Kaisar Augustas ya ba da umurni a rubuta mutanen mulkinsa, Yusufu ya ɗauki Maryamu da tsohon ciki suka tafi Baitalami domin a rubuta su a garin kakanninsa, can haihuwa ta same ta, masauki kuwa ya cika. Watau dai iyalin nan suna kan hanyar sauke wani nauyi ne da hukuma ta ɗora musu, hukumar ma ta baƙi. Mai wa'azi a Nijeriya ba ya rasa abin faɗi a nan. Ƙidayar 1973 sai da aka soke ta a 1975 saboda gardama, ta 2006 kuma har yau ana jayayya a kan alkalumanta. Ƙasar da kowane yanki ke ƙara yawan kansa domin rabon arziki, amma in an zo aikin gayya ko biyan haraji sai a nemi mutane a rasa, tana da abin koyo wurin kafintan Nazarat.

Bayan an tashi daga sujada sai babban aiki ya koma hannun yara. Kowane yaro da sabon ɗinkinsa, da langa a ka, an ɗaure da ɗankwali, shinkafa da miya da nama da cincin, ana aikensa gidan Alhaji wane da gidan Hajiya wance. A gidaje da yawa na Kiristocin Arewa, tun da asuba akan kira maƙwabci Musulmi ya yanka ragon ko kajin, don kada wani ya yi shakkar cin abin da aka kai masa. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma a duba abin da ke cikinsa. Mai gida ya sayi dabbarsa da kuɗinsa, ranar bikinsa ce, addininsa bai hana shi yankawa da kansa ba, duk da haka ya miƙa wuƙa ga wani domin maƙwabcinsa ya ci da kwanciyar rai. In Babbar Salla ta zo kuma langar nan za ta komo da naman layya. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, a nan kuwa ƙafar yara ce.

Wanda ya tsaya a kan shinkafa da waƙa kaɗai bai fahimci Wusasa ba. Ƙaramin wurin nan, da makarantarsa da asibitinsa na Luka Mai Tsarki, ya ba Nijeriya ma'aikata fiye da girmansa nesa ba kusa ba. Daga cikin wannan jama'a Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila. Shi aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, tun tana ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta N.P.C. a 1951. A lura da kyau: Kirista ne ya fara shugabantar ƙungiyar da daga baya Sardauna ya ja ragamarta, kuma babban asibitin da ke tsakiyar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya yi makarantar Wusasa, ya zama likitan Sardauna, sa'an nan ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1979. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan wannan jama'a ne. Janar Yakubu Gowon kuwa, ko da yake iyayensa Angasawa ne daga ƙasar Filato, a Wusasa ya tashi, a nan ya fara karatu kafin ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya. Ya mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975, ya ga yaƙin basasa daga farkonsa har ƙarshensa, a 1973 kuma ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima wanda har yau ke tura ɗan Sakkwato Kalaba, ɗan Inugu Katsina. Masana tarihi suna da ra'ayoyi dabam dabam a kan mulkinsa, wannan hakkinsu ne. Abin da ba a gardama a kai shi ne, duk mutanen nan an rene su a wurin da aka ɗauki aikin asibiti da aji da ofis a matsayin wani sashe na ibada.

Sai dai kada a yi wa mai karatu rufa-rufa. Abubuwa sun sake. Cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun Mishan, kwalejin Bulus Mai Tsarki ta koma Kwalejin Kufena. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har Zariya, aka ƙone majami'u da dama. Rikicin shekara ta 2000 ya raba garin Kaduna biyu, Musulmi suka tattara a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa, har aka sami yaran da suka girma ba su taɓa cin abincin bikin wani addini ba. A kowane ɓangare kuma an sami masu wa'azin da ke ganin langar shinkafa da naman layya abin zargi ne. Bahaushe Kirista shi ya fi kowa shan wuyar wannan hali, gama in ya je Kudu a ce masa ɗan Arewa, a yi ɗari-ɗari da shi, in ya nemi takardar shaidar asali ko gurbin aiki a gida kuma wani lokaci sunansa na baftisma ya sa a tsaya ana yi masa tambayoyin da ba a yi wa ɗan'uwansa.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan 'ya'yan garin kansu. Zuwa gida sau ɗaya a shekara da mota mai sheƙi, a raba kuɗi a majami'a, a ɗauki hoto a gaban tsohon gini, wannan ba laifi ba ne, amma ba shi ne abin da su Dikko suka gada ba, ba shi suka bari ba. Taron Kirsimeti shi ne kaɗai lokacin da likita da lauya da hafsan soja da malamin makaranta na gida ɗaya ke zama a tabarma ɗaya. Iyalan da suka san darajar wannan sukan keɓe ranar 26 ga wata, wadda ita ma ranar hutu ce, su zauna su yi lissafi: wane yaro ne kuɗin makaranta ya gagara, wace tsohuwa ce rufin ɗakinta ke yoyo, wa zai bi maganar lambatun unguwa a ƙaramar hukuma, su wa suka isa yin rajistar zaɓe ba su yi ba. Waɗanda ba su sani ba kuwa, ranar takan ƙare ne a kan ragowar nama da gardamar ƙwallo.

Daren 31 ga wata akan sake cika majami'a, a yi ta addu'a da waƙa har sha biyun dare, a shiga sabuwar shekara ana yi wa juna barka. Kashegari ko jibi motoci su fara fita ɗaya bayan ɗaya, a cusa buhun masara da ƙullin daddawa da kuka a bayan mota, tsofaffi su tsaya a ƙofar gida suna “Allah ya kiyaye hanya, a gai da yara.” Direbobi suna gaggawa domin kowa na so ya isa inda za shi da sauran rana, saboda halin da hanyoyi suka shiga a 'yan shekarun nan. Kafin azahar unguwa ta yi tsit, sai 'yan mata da ke bi gida gida suna karɓo langunan da aka kai abinci, waɗansu an wanke an mayar da su haka nan, waɗansu kuwa an saka ɗan goro ko ƙwai biyu a ciki.