Kafin A Kwance Inji, A Fara Duba Kebur

Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, Adaidaita Sahu ta karɓe fasinja, babur kuma ya koma abin hawan mai shi: ɗan kasuwar Kwari, malamin makaranta, yaron shago mai kai saƙo daga Singa zuwa Sabon Gari. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin komai ya tashi, sabon Boxer ko Jincheng ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, sai aka koma wa na hannu. Ga duk mai irin wannan babur, ko mai shirin saye, ina da magana guda: idan kuloci ya fara ba ka matsala, kada ka yarda a kwance inji sai an gama binciken hannun kuloci da kebur ɗinsa. Sau da yawa ciwon yana waje, a inda ido ke gani, amma ana biyan kuɗin ciwon ciki.

Dalilin yana cikin yadda abin yake aiki. Faya-fayan kuloci suna cikin inji, sifirin ya matse su wuri guda domin ƙarfin inji ya isa taya. Idan ka matsa hannun, kebur ne ke jawo ɗan ƙarfen da ke jikin inji ya raba su. Saboda haka dole hannun ya kasance da ɗan wasa kafin ya fara ja, kuma masu ƙera babura sukan ƙayyade shi tsakanin milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun. Idan wasan ya yi yawa, faya-fayan ba za su rabu sosai ba: giya ta riƙa shiga da ƙara, firi ya yi wuyar samu, babur ya dinga jan jiki gaba alhali ka matse hannun har ƙarshe. Idan kuma babu wasa ko kaɗan, kamar kullum kana riƙe da rabin kuloci ne: ka murɗa mai, inji ya yi ta kuka, gudu bai ƙaru ba, faya-fayan na ƙonewa a hankali. Waɗannan alamun su ne daidai alamun lalataccen kuloci, kuma noti biyu ne ke gyara su, ɗaya a gindin hannun, ɗaya a ƙasa kusa da inji. Wanda bai san haka ba, da an ce masa "kulocinka ya tafi" sai ya miƙa kuɗi.

Sai kuma taurin hannu, wanda yanayin garinmu ke haddasawa. Ƙurar hunturu na shiga cikin rigar kebur, ruwan damina ya biyo baya ya kawo tsatsa, sannan cunkoson da ke tsakanin Bata da Kwari ya sa mutum ya matsa kuloci ba adadi a tafiyar da ba ta kai kilomita biyu ba. Gwajin ba shi da wuya. A cire kebur daga sama da ƙasa, a ja wayar cikinsa da yatsu. Idan tana zamewa sumul, laifin na wani wuri ne. Idan tana cijewa, an kama ɓarawo. A dubi inda wayar ta haɗu da ɗan kanta a cikin hannun, domin a nan take fara tsinkewa, sili ɗaya bayan ɗaya. A karkata kan babur hagu da dama har ƙarshe: idan wasan hannun na canzawa, to an bi da kebur ɗin ta gurguwar hanya ko kuma ya yi gajarta. A girgiza hannun sama da ƙasa, a ga ko ramin da ƙusa ke riƙe shi ya cinye. Hannun da ya lanƙwashe shaidar faɗuwa ce, ko da dillali ya rantse babur bai taɓa kai ƙasa ba.

Na san wani zai ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a bar wa bakanike aikinsa. Gaskiya ne kwance inji ba aikin kowa ba ne, kuma a Fagge da Sabon Gari akwai makanikai masu amana da suka fi mu sanin ƙarfe nesa ba kusa ba. Amma sanin da nake nufi bai wuce na mai ciniki ba: ka iya ce wa maigidan gareji, "Oga, don Allah a fara cire kebur ɗin mu gani." Bakanike na ƙwarai ba zai ji haushi ba, domin shi ma daga nan yake farawa. Wanda zai ɓata rai don an nemi ya fara da gwajin da ba ya cin ko sisi, ya riga ya gaya maka irin aikin da zai yi maka.

Wani kuma zai ce ai babur na hannu ne, faya-fayansa sun riga sun ci, gara a canza su gaba ɗaya a huta. Wani lokacin haka ne. Idan an daidaita wasa, kebur na zamewa lafiya, amma inji na kuka gudu ba ya zuwa, to lallai a buɗe. Kafin nan ma a tambayi irin baƙin man da aka zuba, domin kulocin waɗannan babura cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota na sa shi santsi. Shi ya sa ake neman mai ɗauke da alamar JASO MA a jikin galan. Abin lura shi ne, idan matsattsen kebur ne ya ƙone tsofaffin faya-fayan, sababbin ma haka zai yi musu. An kashe kuɗi, ciwo na nan.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta rashin kuɗi da yawan jabun kaya: me ya sa zan sayi sabon kebur da zai tsinke bayan ɗan lokaci, ba gara in lallaɓa wannan ba? Ba na raina halin da ake ciki. Kebur ɗin da bushewa ce kawai ke damunsa, a wanke shi, a ɗiga masa mai, ya ci gaba da aiki. Amma wanda silinsa ya fara barbajewa ba ya lallaɓuwa, domin ragowar silin ne ke ɗaukar nauyin waɗanda suka tsinke. Ranar da zai rabu, yakan rabu ne daidai lokacin da aka matsa shi, wato sa'ad da kake tsaye a mahaɗa, babur na cikin giya, motoci na giftawa. Nan take babur zai zabura gaba. Maganin jabu shi ne a tafi shago da tsohon a hannu, a gwada tsayi da kaurin waya, a ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa a ɗauki mai kyau, tunda araha ba ta ado.

Don haka, 'yan uwa, duk wanda zai sayi babur na hannu ya matsa hannun kuloci kafin ya dubi fenti, ya hau ya shiga kowace giya, ya nemi firi inji na aiki. Makanikanmu kuma, ku koya wa yaranku farawa daga waje. Kwastoman da ka gyara wa babur da juya noti ɗaya ka faɗa masa gaskiya, shi ne zai kawo maka babban aiki gobe, ya kuma turo maka ɗan uwansa. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a sana'ar kowa.