Ƙaninmu Ne, Ranka Ya Daɗe

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan mai unguwa a cikin birnin Kano lokacin cike fom ɗin makarantu, zai tarar da takalma jere a bakin zaure, yara da iyayensu sun zazzauna a tabarma, kowa da takarda a hannu. Abin da suke nema guda ne, wato sa hannun da zai kai su gaban hakimi, daga nan kuma zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, inda ake ba da takardar shaidar ɗan asalin gari. Mu ma mun taɓa jera takalmanmu a irin wannan zaure cikin shekarar 1993, kuma maganar da muka faɗa a ranar har yau ba ta bar mu mun sake ba.

Yadda aka yi kuwa shi ne, akwai wani aminin marigayi mahaifinmu, ɗan kasuwa ne daga wata jiha makwabciya, wanda in ya zo saro atamfa a Kantin Kwari a gidanmu yake sauka. Wata rana bayan sallar isha'i ya kira mu zaure ya ce, "'Ya'yana, ga ɗan'uwanku nan na kawo muku. Ina so ya shiga makarantar kwana ta gwamnatin jiharku, an ce sai da takarda." To, mutumin da ya tsaya a kan jana'izar ubanka, ya kuma riƙa aiko da buhun hatsi kowace kaka, da wane bakin za ka ce masa a'a? Muka ce, "Baba, an gama."

Da gari ya waye muka sa yaron a gaba. Muka durƙusa muka yi gaisuwa, sa'an nan muka ce, "Ƙaninmu ne, ranka ya daɗe." Mai unguwa, Allah ya jiƙansa, tsoho ne da ya halarci raɗin sunan kowane ɗaya daga cikinmu, ya san yawan 'ya'yan gidanmu kamar yadda ya san yatsun hannunsa. Ya dubi yaron, ya dube mu, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya jawo takardar ya sa hannu, ya ce mu gaida mutanen gida. Ko sisin kwabo bai karɓa ba. Muna jaddada wannan ne domin duk lokacin da aka tayar da zancen takardun bogi sai a ɗora laifin kan cin hanci kawai, alhali kuwa a iya abin da muka gani, kunya da zumunci sun fi kuɗi yin wannan aiki.

A wannan shekarar dai, a lungunmu, akwai wani yaro, bari mu kira shi Sabo. Ubansa ya zo birni daga ƙasar Gumel tun yana saurayi, ya yi garuwa, daga baya ya kafa teburin shayi. A ɗakin haya na kusa da mu aka haifi Sabo, mahaifiyarmu ce ma ta fara yi masa wanka. Shi ne ke zuwa na ɗaya a ajinsu. Sai dai kash, a watan Agustan 1991 an yanke Jigawa daga Kano, Gumel ta faɗa can. Mai unguwa ya sa masa hannu, amma da ya isa sakatariya akawu ya tambaye shi garin ubansa, yaro ya faɗi gaskiya, aka ce ya tafi Jigawa. Uban ya rufe teburinsa kwana biyu suka tafi, dagacin can ya ce shi bai taɓa ganin wannan yaro ba. Kafin su gama kai-kawo an rufe karɓar takardu. Ɗan Alhaji, wanda bai taɓa yin mako guda cur a Kano ba, ya ɗauki akwatinsa ya tafi makaranta, Sabo kuwa ya koma wanke kofunan shayi.

Masu karatu za su so su san abin da ya sa takarda guda ke da wannan nauyi. Tun da Tsarin Mulkin 1979 ya kawo ƙa'idar raba-daidai, aka kuma kafa hukumar kula da ita a 1996, gurbin makaranta da tallafin karatu da aikin gwamnati duk sun rataya a kan jihar da mutum ya fito. Tsarin da aka daɗe ana bi wajen shiga jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka bari a baya wajen boko, Kano tana cikinsu. Makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka buɗe a 1977, don 'ya'yan jiha aka yi su, domin a samu likitoci da injiniyoyi na gida. Manufar ba ta da aibu. Amma inda duk aka ce ga rabon marayu, to sai an samu mai uba ya shiga layi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ita kanta kalmar asali. Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum na jiha ne idan iyayensa ko kakanninsa sun fito daga al'ummar da ke asalin jihar, amma bai fayyace wace ce al'ummar asali ba. A cikin ganuwar Kano wa zai fara jifa? Sunayen unguwanninmu kansu shaida ne: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa na Larabawan arewacin Afirka. Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji, Shehu Magili kuma zamanin Muhammadu Rumfa. Da a ce a wancan lokaci akwai akawu mai tambayar garin uba, da rabin manyan gidajen birni ba su samu takarda ba.

A Amurka ba a tambayar kakan yaro, inda yake kwana ake tambaya, domin makarantun can harajin gidajen yankin ne ke ɗaukar babban kaso na nauyinsu. Suna neman takardar haya da ta kuɗin wuta, wasu wuraren har masu bincike ake ɗauka su bi yaro a baya su ga gidan da zai shiga. A 2011 an tsare wata uwa 'yan kwanaki a kurkuku a jihar Ohayo saboda ta rubuta adireshin mahaifinta don 'ya'yanta su shiga makarantar da ta fi kyau. Ba ma sha'awar wannan tsanani, ga shi kuma lungunanmu ba su da lamba, gida guda mai mita ɗaya yana ɗauke da magidanta bakwai. Duk da haka tambayar tasu ta fi tamu sauƙin amsawa, don ana iya zuwa a gani da ido.

Mu ma da muna da abin da ya yi kama da wannan. Kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, kowane mai unguwa yana riƙe da jerin magidantan unguwarsa, rasit ɗin haraji kuma shi ne shaidar mutum. Talaka ya yi murna da sokewar, kuma ya cancanci ya yi, sai dai da harajin ya tafi lissafin ma ya bi shi. Aka bar mai unguwa da ƙwaƙwalwarsa kaɗai, a garin da ya tumbatsa ya tsallake ganuwa ta kowace ƙofa.

Idan ƙananan hukumomin birni da gaske suke, ba sai sun nemo sabuwar dabara ba. Rajistar makarantun firamare tana nan a hannun hukumar ilimi ta kowace ƙaramar hukuma. Yaron da ya yi shekara shida yana amsa suna a aji ɗaya ba ya ɓuya. A haɗa wannan da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. A ba kowace takardar shaida lamba a littafi guda, a rubuta sunan wanda ya tsaya wa yaron, a kuma kafe jerin sunayen a ƙofar gidan mai unguwa mako biyu kafin a buga hatimi. Da an yi haka a 1993, da matan lungunmu kaɗai sun isa su tona mu kafin azahar. In ƙarya ta fito, hukuncin ya hau babban da ya yi shaida da wanda ya sa hannu, kada a kori yaro daga aji a ce an yi maganin abin. Lambar NIN da hukumar JAMB ta wajabta tun 2021 ta taimaka wajen hana mutum zama mutum biyu, amma kwamfuta abin da aka gaya mata take riƙewa. Da mun je gabanta mun ce ƙaninmu ne, da ita ma ta rubuta. Sa'an nan a yanke magana a fili a kan irin su Sabo: wanda aka haifa a unguwa, ya yi firamare a cikinta, a ba shi takarda ba tare da an tono kabarin kakansa ba.

Ɗan Alhaji yanzu babban ma'aikaci ne, mutumin kirki, duk sallah sai ya aiko mana da shadda. Sabo kuwa yana gyaran rediyo da fanka a wata rumfa kusa da Ƙofar Wambai. Kwanakin baya ya tsayar da mu a hanya ya ce, "Yaya, 'yata ta gama sakandare, an ce sai da takarda. Ko za ku raka mu wurin mai unguwa? Shi sabon bai san Baba ba." Muka ce su biyo mana ranar Asabar da hantsi. Da muka shiga gida muka roƙi Hajiya, duk da ciwon ƙafarta, ta daure ta bi mu, tun da ita ce ta yi wa uban yarinyar wankan farko.