Tsohon Ɗan Kokawa a Kasuwar Illela

Jiya bayan la'asar, a gefen kasuwar Illela inda masu hatsi ke baje buhunansu, na tarar da wani dattijo wanda a zamanin ƙuruciyarmu, idan kaka ta yi aka ɗaure dammunan gero, makaɗa suka ɗaura ganga, babu saurayin da ke fita fage daga nan har Malbaza da Birnin Ƙonni face ya fara tambaya ko shi ma ya zo. Na durƙusa na gaishe shi, ya miƙo hannu, sai na ga yatsu biyu sun karkace. Da ya tashi zuwa alwala kuwa sai da ya dafa kafaɗata, domin gwiwoyin da suka ɗaga maza shekara da shekaru yau sun gaza ɗaukar mai su.

Ma'abota tarihi sun sani cewa a nan jiharmu ta Tawa aka buɗe gasar takobin ƙasa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokawa na farko, sannan Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade Zambo, namu na Tawa, suka biyo baya. Waɗannan Allah Ya ƙaddara musu shuhura, har filin kokawa na Maraɗi ke ɗauke da sunan Kantu, na Doso kuma da sunan Salma, kuma haƙiƙa sun cancanta. Amma 'yan kokawa 80 ke shiga gasar nan kowace shekara, goma daga kowace jiha, alhali takobi ɗaya ne. A bayansu kuma akwai ɗaruruwa waɗanda ƙarfinsu ya ƙare a dandalin ƙauye, ladansu goro da tafi da ɗan abin da aka liƙa musu a goshi, babu takardar da ta adana ko kaye ɗaya daga cikin nasu.

Dattijon nan yana cikinsu. Na tuna daren da ya shigo fage da layu a damtse da guru a ƙugu, ya duƙa ya dumbuzi ƙasa ya murza a tafinsa, ya tsaya yana duban abokin karonsa da natsuwar mai karatun allo, har jama'a suka ƙosa. Ƙiftawar ido sai ga mutum a ƙasa, shi kuwa ya sunkuya ya ɗaga shi ya kakkaɓe masa baya. Wannan ladabi, wallahi, ya fi kayen zama a zuciyata.

Na ce, "Baba, ana zuwa gaishe ka kuwa?"

Ya ce, "Ɗana, waɗanda na kayar su ne ke zuwa, su ma saura biyu."

Na riƙe masa buta har ya idar da alwala, muka nufi masallaci a hankali, yana tsayawa bayan kowane taki kaɗan.