Taron da Ba a Gayyatar Majinyaciya

'Yan'uwa marubuta, mun saba a littattafanmu likita guda ne ke cire tabarau ya yanke wa mai ciwon daji hukunci. Alhali bayan rahoton Calman da Hine na 1995, sannu a hankali ya zama ƙa'ida a asibitocin Ingila a zauna taro kan kowane majinyaci: likitan fiɗa, da na gashi, da mai karanta hoto, da mai duba tsokar da aka yanko, da kuma nas. Annobar korona ta 2020 ta kora wannan zama zuwa kwamfuta, ta Teams da Zoom.

Wannan kam mun yaba. Hoton ƙirji kan bayyana gaban kowa lokaci guda, ƙwararren da ke wani gari ya sa baki ba tare da ya hau mota ba.

Sai dai majinyaciyar ba ta wurin, kuma 'yan mintoci ake ba ta. Kwamfuta na da gurbin girman ƙari da matakinsa. To ina za a rubuta cewa ita ke jinyar mijinta, ko fiɗar take tsoro? Nas ce kan san wannan. Mu bi ta da alƙalami, mu ga ko an ba ta damar magana kafin a kira suna na gaba.