Daga Huhun Goro Zuwa Gonar Takarda

A unguwar Treichville ta Abijan na tashi, gefen kasuwar Belleville, cikin Hausawan Nijar da Najeriya masu sayar da gwanjo, turare da kayan koli. A zamanin ƙuruciyarmu, masanin harkar kuɗi shi ne mai gida ko dillali, dattijon da ke sauke baƙon fatake, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan zai ɗauki kaya bashi.

Kawuna da ya riƙe ni fataucin goro yake yi. Ba ya zuba kuɗi sai ya ji ta bakin dillalinsa na Anyama, garin goro da ke arewa da Abijan. Dillalin ya san goron da zai jure doguwar tafiya zuwa Kano, ya kuma san masu cusa mai sankara a tsakiyar huhu. Duk da haka kawu ba ya biya sai an kwance huhu, ya tura hannu har ƙasa, ya fasa goro ya duba. Na taɓa ce masa, "Kawu, ba ka yarda da Alhaji ba ne?" Ya ce, "Na yarda da shi, yaro. Nasa ya nuna mini inda zan duba, nawa in duba, tunda kuɗin nawa ne."

Abin da ya sa maganar dillali take da nauyi shi ne asararka tana shafarsa. Sahu ɗaya kuke sallah, kuma in ya kai ka ya baro, kafin la'asar labari ya isa kasuwar Adjamé, ba baƙon da zai sake sauka gidansa.

Karyewar kuɗin sefa ta gwada kowa. A Agustan 1993 babban bankin yankin ya daina karɓar takardun sefa da aka fitar waje. 'Yan canji suka gane inda aka dosa, wasu kuwa suka kwanta da tabbacin da manya ke bayarwa a rediyo. Shugaban ƙasa Houphouët-Boigny ya rasu a Disamba, a Janairun 1994 aka raba darajar sefa biyu: faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Wanda ya bi alamu ya mai da kuɗinsa kaya ya tsira, wanda ya jibge takardu a akwati ya yi kuka.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai sai ga wasu irin masana, da kwat da ofisoshi masu sanyi. Kamfanonin noma ne, wai ka ba su kuɗi su noma maka tumatir ko barkono, cikin wata uku zuwa shida ribarka ta ninka jari sau uku, har sau goma. A farkon 2017 gwamnatin Kwaddibuwa ta rufe asusunsu. Binciken hukuma ya nuna sama da mutum 36,000 sun zuba kimanin sefa biliyan 66, abin da aka tarar a banki bai kai rabinsa ba, kuma da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko. Na san masu adashi da suka kwashe zubin shekara suka kai. Da sun tambayi kowace mai tumatir a Adjamé abin da kwando ke kawowa, ko sun ce a kai su gonar, da sun tsira. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ba a raina masani, domin ba wanda ya iya komai. Amma kafin ka miƙa kuɗinka, ka tambaye shi abin da zai rasa in ka yi asara, sannan ka je ka ga kayan da idonka. Wanda ya hana ka ɗaya daga cikin biyun nan, kama kuɗinka ka tashi.